Kotizon Yau, ko a Jira Kaki?

Baffana tela ne a Garwa. Ya haura shekara sittin bai taɓa kwana asibiti ba, sai a shekarar da tari ya kama shi. Abin ya faro da ƙarshen damina, muka ce mura ce. Hunturu ya shigo, muka ce ƙura ce. Kafin zafin watan Maris ya sauka, wandon da ya ɗinka wa kansa ya fara zamewa daga ƙugunsa, yana tashi da asuba a jiƙe sharkaf da gumi, wata rana kuma ya tofar da kaki a bakin shago aka ga jini-jini a ciki. An kai kakin sau ɗaya aka duba da madubin likita, aka ce ba a ga komai ba. Babban ɗansa da ke aiki a Yawunde ya ce a turo masa shi. Mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare, bayan mako biyu sai ga shi ya dawo da hoton ƙirji mai nuna rami a saman huhun dama, da takardar jini mai shafi uku, da ledar magani. A takardar an ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya, ANCA, an rubuta a gabanta cewa an same ta. Aka ce masa garkuwar jikinsa ce ta juyo tana cin huhunsa, aka ɗora shi kan firednizon, ɗaya daga cikin magungunan da muke kira kotizon, masu kwantar da kumburi da danne garkuwar jiki.

Ni ma'aikacin jinya ne, na yi shekaru ina miƙa wa masu tarin fuka maganinsu kowace safiya. Duk da haka da na riƙe takardar nan sai na yi shiru, don daga babban birni ta fito, ga hatimi, ga gwajin da mu ba ma yi a inda nake aiki. Wannan shirun har yau yana damuna.

Kwana goma na farko kamar an yi ruwa an ɗauke. Zazzaɓi ya sauka, Baffa ya nemi tuwo da miyar kuka da bakinsa, har ya koma kan kekensa. Goggo ta soya waina ta rabar sadaka. A mako na biyar zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa, numfashi ya fara gagara, ko alwala sai an riƙe shi. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baffa, ku yi haƙuri ku ƙara ba ni kaki, na asuba, wanda ya fito daga can ƙasan ƙirji." Ya ce, "Ɗana, ai an riga an duba." Na ce, "Wancan da ido aka duba, wannan na'ura za a saka wa." Kafin la'asar sakamakon na'urar GeneXpert ya fito: tibi ne, wato tarin fuka.

Tun daga lokacin, duk wanda ya zo min da irin wannan takarda nakan zaunar da shi. Tambayar da ke gaban iyali ba ta wuce uku: a fara kotizon yau, ko a dakata a nemi ƙwayar cuta tukuna, ko kuwa a fara maganin tibi a ga abin da hali zai yi. Hukunci na likita ne, amma iyali ne ke biyan kuɗi, su ke hawa mota, su ke cewa to. Ya kamata su san abin da kowace hanya take ba su da abin da take karɓa.

Akwai ciwon da garkuwar jiki ke yin tawaye, ta bar abokan gaba ta juyo kan gida. Kada a haɗa shi da ƙanjamau: a ƙanjamau garkuwa ce ke karyewa, a nan kuwa ƙarfinta ne ya ɓata hanya. Wanda ya fi kama da tarin fuka a cikin dangin nan shi ne wanda wani likitan Jamus mai suna Wegena ya bayyana a 1936, aka daɗe ana kiransa da sunansa har 2011 da aka koma ce masa GPA. Ƙananan jijiyoyin jini ne ke kumbura, galibi a hanci, a huhu da ƙoda. Mai shi yana tari, yana ramewa, yana zazzaɓi da gumin dare, yana tofar da jini, hoton ƙirjinsa na iya nuna rami. Duk abin da na lissafa haka mai tibi yake. Gwajin da ake rubutawa VS da wanda ake rubutawa CRP suna hawa a duka biyun, don kumburi kawai suke nunawa, ba sa faɗin wanda ya jawo shi. Kama da wane dai ba ta wane.

Shi ANCA, wasu kibau ne da garkuwa ke ƙerawa tana harbin nata fararen ƙwayoyin jini. An fara bayyana su a 1982, a 1985 aka gano alaƙarsu da ciwon Wegena, kuma gwaji ne mai amfani ƙwarai a hannun wanda ya san inda zai ajiye shi. Matsalar ita ce cutar da ta daɗe a jiki ma tana sa a ƙera su. Idan yaƙi ya yi tsawo fararen ƙwayoyin jini suna fashewa a fagen fama, abin da ke cikinsu ya zubo fili, maƙeran garkuwa kuma suna aiki dare da rana, wasu kibau su fito a karkace. Shi ya sa ake samun ANCA a wasu masu tarin fuka, da masu ƙwayar cuta a marfin zuciya, da masu ƙanjamau, da masu ciwon hanta nau'in C, da masu fumfuna a huhu. Wani bincike da aka yi a Meziko a 2003 kan masu tibi 45 ya same shi a kusan kashi 40 cikin 100. Wasu binciken a wasu ƙasashe sun samu ƙasa da haka nesa ba kusa ba, amma ko da kaɗan ne, ya isa ya ɓatar da mutum guda, kuma mutum gudan yana iya zama naka. Wasu magunguna ma suna tayar da shi, kamar haidiralazin na hawan jini da wani maganin maƙoƙo.

'Yan'uwansa biyu da ake yawan gani a takarda sun fi shi saurin ruɗi. ANA, wanda ake nema idan ana zargin lufus, wani ciwon tawayen garkuwa daban, ana samunsa a masu lafiya garau: in an tsarma jinin kashi 1 cikin 40, kusan mutum uku cikin goma za su nuna shi, in an tsarma 1 cikin 160 kuwa kamar mutum ɗaya cikin ashirin. Gwajin sanyin gaɓoɓi shi ma yana fitowa a masu tibi, da masu ciwon hanta, da tsofaffi da ba abin da ke damunsu.

Sai kuma a duba ƙasar da muke zaune. A Kamaru da Chadi, cikin kowane mutum 100,000 fiye da 100 ne ke kamuwa da tarin fuka duk shekara. GPA kuwa, a Turai inda aka fi ƙirga shi, kamar mutum goma ne cikin miliyan. Ke nan in mutum ya shigo asibiti a Marwa ko Mundu da tari da rama da rami a huhu, kafin a ɗebi ɗigon jininsa, zargin tibi ya ninka zargin GPA wajen sau ɗari. Takarda ɗaya ba ta isa ta rushe wannan lissafi ba. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen da tibi ya yi ƙaranci suna iya ba ANCA nauyin da bai kamata mu ba shi a nan ba.

Hanyar kotizon ita ce mafi daɗin bi, kuma daɗin nata ne hatsarinta. Maganin yana da araha, kowace farmasi akwai shi, har a tiren mai talla a kasuwa, kuma yana aiki da sauri. Ko mene ne ke damun mutum, cikin 'yan kwanaki zazzaɓi zai sauka, ci ya buɗe, ciwon gaɓoɓi ya lafa, fuska ta ciko. Iyali su ce alhamdulillahi an gano ciwon. Alhali abin da ya faru shi ne an kwantar da masu gadi. Zazzaɓin nan da aka kashe, ƙarar faɗan da jiki ke yi da ƙwayar cuta ce, da aka tsayar da faɗan sai ita ƙwayar ta samu fili. Tibin da ke maƙale a kusurwar huhu ɗaya yana iya bin jini ya watsu kamar an barbaza gero, ya kai ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya. An san cewa miligiram 15 na firednizon a kullum, in aka kai wata guda, ya isa ya ƙara hatsarin tibi, mai GPA kuwa akan fara shi da ninkin wannan uku ko huɗu, a ƙara masa da wani mai karya garkuwa kamar saikulofosfamid ko ritukzimab.

Ba tibi kaɗai ke jiran wannan dama ba. Akwai wata siririyar tsutsa da ke shiga ta tafin ƙafa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, wadda a takardun asibitinmu ake kira angilul. Tana iya zama shekaru a hanji ba ta ce uffan ba, da an ba da kotizon mai yawa sai ta hayayyafa ta cika huhu da jini, kuma wannan yana kisa. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a arewacin nan, yana farkawa a irin wannan hali. Suga yana hawa. Fumfuna tana samun wurin zama. Mutumin da aka ba kotizon ba a duba waɗannan ba, an tura shi daji ne da dare ba fitila.

A nan sai na yi wa 'yan'uwana mata magana, masu shan dekza don ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe. Shi ma kotizon ne. Wadda take sha a ɓoye ta zo da tari, in ba ta faɗa wa likita ba, zazzaɓinta ba zai fito yadda ya kamata ba, gwajin fata na tibi ma yana iya yin ƙarya. A faɗa, ba abin kunya ba ne a ɗakin likita.

To amma kada a ji wannan a ce kotizon guba ne. In GPA ne na gaske, shi ne ceto. Kafin a samu magani, yawancin masu ciwon ba sa cika shekara, matsakaicin abin da suke yi kamar wata biyar ne. Tun shekarun 1970 da aka haɗa kotizon da saikulofosfamid labarin ya sauya, mafi yawa suna samun sauƙi su rayu shekaru. Kuma akwai halin da jira ba ya halatta: idan ƙoda ta fara mutuwa kowace rana tana ƙara baya, ko jini na tsiyaya cikin huhu har numfashi na gagara. Ƙodar da ta ƙone ba ta dawowa. Ko a tibin ma, in ya kama ƙwaƙwalwa ko jakar zuciya, likitoci na ba da kotizon, sai dai tare da maganin tibi, ba shi kaɗai ba.

Hanya ta biyu, wato a nemi ƙwayar cuta tukuna, ita nake zaɓa wa nawa a mafi yawan lokuta, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne ba ta da tsawon da ake zato. Yawancinta aikin kwana biyu ne ko uku, kuma ba sai an je Yawunde ba.

Farkonta kaki. Madubin likita ba ya ganin tibi sai ƙwayoyin sun kai dubu biyar zuwa dubu goma a cikin mililita ɗaya, don haka "ba a ga komai ba" ba ta nufin babu komai. Wannan jimlar ce ta kai Baffa Yawunde. GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, asalin halittar ƙwayar yake nema, yana gamawa cikin kamar awa biyu, kuma yana faɗin ko ƙwayar tana jin rifamfisin, babban maganin tibi, ko ta bijire masa. A cikin masu tibin da madubi ya kuskure, yakan kama kamar biyu cikin uku, sabon samfurinsa ya ɗan fi haka. Ana samunsa a manyan cibiyoyin tarin fuka na Garwa, Marwa da Ngaundare. Sai dai na'ura ba ta duba abin da ba a ba ta ba. Sau nawa nake buɗe gwangwani in tarar da miyau zalla, fari mai kumfa. Kaki na gaske yana da kauri, yana manne wa gefen gwangwani. A kurkure baki da ruwa, a fita waje inda iska take, a ja numfashi mai zurfi sau uku, sannan a yi tari daga ƙasan ƙirji. In na farko bai nuna ba a sake ba da na biyu, a kuma roƙi a shuka shi a ɗakin gwaji, wato a bar ƙwayar da ke cikinsa ta hayayyafa har a iya ganin ta. Shukar ce mai jinkiri, daga mako biyu har zuwa takwas, amma ba dole sai an jira ta kafin a yanke shawara ba.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne araha kuma aka fi mantawa da shi, fitsari ne. Ɗan tsinken nan mai ɗigo-ɗigon launi da ake tsomawa a fitsari, cikin minti biyu zai nuna ko akwai jini da furotin. A haɗa shi da gwajin jini na kiriyatinin, mai nuna yadda ƙoda ke aiki. Waɗannan biyun su ne agogon da ke faɗin kwana nawa ake da su. In fitsari tsaf yake, kiriyatinin daidai, numfashi bai tsananta ba, akwai sararin a tsaya a bincika da kyau, ana maimaita su bayan 'yan kwanaki. In jini da furotin sun fito tare, kiriyatinin na hawa, ƙafa ta fara kumbura, to lissafi ya juya, sai a nemi likitan ƙoda ba tare da ɓata lokaci ba.

Sai dai ƙasarmu tana da nata ruɗin ko a nan. Duk wanda ya tashi yana wanka a Binuwai, ko tafkin Lagdo, ko Logon, yana iya samun jini a fitsari saboda tsargiya. Don haka ba a tsayawa kan tsinke, sai a duba fitsarin da madubi: ƙwan tsargiya daban, alamar jinin da ya fito daga cikin ƙoda daban. Haka ma hanci. GPA yana son hanci, amma a hunturu rabin gari hancinsu a bushe yake yana haɓo. Na GPA ba ya tafiya da hunturu. Watanni yake yi yana toshewa, yana ɓawo mai jini da wari, kunne ya toshe ko ya daina ji, ido ya yi ja da zafi, wani lokaci karan hancin ya lotsa. Akan ga ɗigo-ɗigon jini a fatar ƙwauri, ko tafin ƙafa ya saki mutum yana jan sa. Baffa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da an tambaye shi, da an gane ANCA ɗinsa shi kaɗai yake tsaye ba mai mara masa baya.

Sauran gwaje-gwajen ba su da yawa: ƙanjamau, ciwon hanta B da C, suga. Mai ƙanjamau da ya yi nisa akwai gwajin fitsari na tibi da ake kira LAM. In zazzaɓi ya ƙi sauka, musamman ga wanda aka san yana da ciwon marfin zuciya, a shuka jini kafin a ba da kowane maganin ƙwayar cuta, a ɗauki hoton zuciya, don wannan cuta tana tayar da ANCA kuma tana taɓa ƙoda, ita ce gwanar kwaikwayo. Wanda ya taɓa shan maganin tibi ya warke sannan ya dawo da tofar da jini, a tuna da fumfunar Asfajilus da ke shiga tsohon ramin huhu ta dunƙule. Maganinta daban ne, kotizon kuwa taki ne a gare ta. Shi irin wannan mutum ma GeneXpert na iya nuna gawar tsohuwar ƙwaya, sai likita ya auna.

Ita kanta takardar ANCA a yi mata tambaya. Da wace hanya aka yi gwajin? Akwai wadda ake kallon haske a madubi, akwai wadda ke auna kibau biyu da sunansu, PR3 da MPO, kuma tun 2017 masana suka yi matsaya cewa ta biyun ce ya kamata a fara da ita. Lambar nawa ce, da ƙyar ta tsallake iyaka ko ta ninka ta sau da yawa? Ƙaramar lamba ta fi saurin zama ta ƙarya.

Aibin wannan hanya biyu ne. Na ɗaya, ga iyali tana kama da zama ba a yin komai, mara lafiya na nishi, dangi na zuwa dubiya kowa da shawararsa. A irin wannan zaman ne wani ke zuwa farmasi ya sayo maganin kashe ƙwayar cuta irin su sifuro ko lebofulokzasin. Kada a yi. Waɗannan suna taɓa tibi sama-sama, tari ya ɗan lafa, gwaji ya rikice, ƙwayar ta koyi bijirewa. Na biyu, wani lokaci duk gwajin zai fito babu komai, ciwon kuma yana nan. A nan ne tafiya take da ma'ana: sikana, zura bututu mai kyamara a wanko cikin huhu, ko yanko ɗan nama daga hanci ko ƙoda a duba. Mafi yawan waɗannan sai Yawunde ko Duwala. A Yawunde akwai asibitin Jamo da aka sani da ciwon ƙirji, a Garwa akwai reshen Cibiyar Fasto na gwaje-gwaje, mutanen Kusiri kuwa Njamena na tsallaken gada. Wanda zai yi tafiyar ya tafi da komai a hannu, hotuna da takardu da kwalayen duk maganin da ya sha, don kada ya biya kuɗin abu ɗaya sau biyu.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi bi a ƙauyukanmu: a fara maganin tibi ko ba a ga ƙwayar ba. Tana da hujja. Maganin kyauta ne a Kamaru da Chadi, tibin shi ne mafi yawa, kuma in an kuskure, ba a karya garkuwar mutum ba. Wata biyu ana shan magani huɗu, wata huɗu ana shan biyu. In aka ce min dole in zaɓi ɗaya a makance tsakanin wannan da kotizon ga mai rami a huhu wanda ƙodarsa lafiya, wannan zan ɗauka. Amma na ga inda ta kai mutum.

Wata matar aure ce, ba ta wuce ashirin da biyar ba, daga wani ƙauye ta wajen Lagdo. Ta sha wata shida cif, kakinta bai taɓa nuna komai ba, tarin bai tafi ba, aka sake ɗora ta. Ina cikin masu miƙa mata maganin. Kullum da gefen mayafi a hancinta, na ɗauka kunya ce. Ranar da ta zo ƙafafunta sun cika silifas, mahaifiyarta ta ce min, "Likita, yarinyar nan fa kunnenta ɗaya ya daina ji, hancin ma dubi yadda ya koma." Na ce, "Inna, tun yaushe?" Ta ce tun kafin a fara maganin farko. Ta sauke mayafin, karan hancin ya lotsa a tsakiya. Na tsoma tsinke a fitsarinta, gurbin jini da na furotin suka juya daga rawaya zuwa kore shar ina kallo. Kafin ta isa wurin likitan ƙoda abin ya yi nisa, sai wankin ƙoda. Tsinken nan yana cikin durowarmu duk tsawon watannin.

Don haka wanda zai bi wannan hanya ya bi ta da sharaɗi. A ɗebi kaki a aika shuka kafin a sha ƙwayar magani ta farko. A auna nauyi, a duba fitsari da kiriyatinin a ranar farawa, a riƙa maimaitawa. Mai tibin da ke jin magani, cikin 'yan makonni zazzaɓinsa ke sauka, ci ya dawo, sikeli ya fara motsi. In an kai wata biyu ba wani canji, ba a cewa a ƙara haƙuri, komawa ake a sake tambayar daga tushe: tibi mai bijirewa ne, fumfuna ce, daji ne, ko tawayen garkuwa? A kuma san halin magungunan don kada su ƙara ruɗi. Rifamfisin na mayar da fitsari ja-ja, wannan ba jini ba ne. Firazinamid na sa ciwon gaɓoɓi. Izoniyazid na iya tayar da ANA a takarda. Ido ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa kuwa, a koma asibiti ranar.

Akwai lokacin da likita zai haɗa duka biyun, kotizon da maganin tibi, in mara lafiya ya tsananta kuma ba a iya raba gardama ba. Wannan aikin gadon asibiti ne, bayan an ɗebi duk abin da za a gwada. Rifamfisin yana sa hanta ta ƙone firednizon da sauri, sai an gyara awo, in ƙoda ta raunana kuma wasu magungunan tibin ma sai an rage su. Akan ba da maganin tsutsar nan tun da wuri, a kare hanta in akwai B, a ƙara kotirimokzazol don wata cutar huhu da ke kama masu raunin garkuwa.

Wanda kuma ya riga ya fara kotizon, yana karanta wannan gabansa na faɗuwa, kada ya yar da maganin yau. Jiki yana da nasa kotizon da wasu ƙananan ƙululu biyu a saman ƙoda ke yi, in an kai kamar mako uku ana ba shi na waje sai su kwanta. In aka tsayar farat ɗaya, jini na iya faɗuwa mutum ya some, har a rasa shi. Abin yi shi ne gobe da asuba a ba da kaki, a ba da fitsari, a koma wurin likita a ce masa, "Dokta, an tabbatar ba tibi ba ne kafin a fara wannan?" Likita na gari ba ya jin haushin wannan tambaya.

Haka aka yi wa Baffa. Aka fara masa maganin tibi washegari, aka riƙa rage firednizon kaɗan-kaɗan cikin makonni. Sugansa da ya hau ya sauka. Ya sha wata shidansa bai tsallake rana ba, Goggo ce ke riƙe da katin. Mun kai duk mutanen gidan aka duba su, aka samu jikansa ɗaya ɗan shekara huɗu da ke kwana ɗakinsa, aka ba shi maganin kariya. Bayan ya gama, ɗansa ya nace a maimaita ANCA, aka aika jinin, ya dawo babu komai. Ramin huhun dai bai rufe duka ba, makonnin nan biyar sun faɗaɗa shi. Yana ɗinkinsa, amma in ya tako daga masallaci zuwa shago sai ya zauna ya huta kafin ya taka keke. Likita ya ce a riƙa ɗaukar hoton ƙirji lokaci-lokaci saboda fumfuna, kuma ranar da aka sake ganin jini a kakinsa, ko ɗigo ne, a kawo shi.